Fiyano a Ɗakin Baba

Ina da shekara arba'in da shida na sayi fiyano, kuma har yau akwai mutanen layinmu a Gwammaja da suke ganin a shekarar ne kaina ya ɗan taɓu. Ban ga laifinsu ba. Mai sayar da turaren wuta da humra, ɗan malami, jikan malami, furfura ta fara leƙowa a gemu, kawai a gan shi da rana tsaka ya sauko daga adaidaita-sahu rungume da kayan kiɗa. Ko ni ne a bakin ƙofa sai na yi magana.

Baba ne dalili. Mahaifina ke nan, wanda uban nasa ya zo daga Barno ya zauna a Kano har ƙasa ta rufe masa ido. Tun yana saurayi Baba ya rubuta wata waƙar wa'azi da ajami a kan haƙƙin maƙwabci. Ba ta yi suna ba, ba ta wuce zauren gidanmu ba. Idan ya tashi daga ba da karatu yana cikin nishaɗi, sai ya rera baiti biyar ko shida, mu yara muna tsakar gida muna ji da rabin kunne. Takardun suna nan a gafaka, ko wasali ɗaya bai ɓace ba. Amma karin, wato yadda murya take hawa ta sauko, wannan babu shi a takarda. A maƙogwaron Baba kaɗai yake.

To sai maƙogwaron ya fara tafiya. Baba ya haura tamanin, tari ya cinye masa murya, numfashi ba ya kai shi ƙarshen layi. Kada wani ya ce min me ya hana mu naɗa a waya, don sau uku muka gwada. Abin da wayar ta kama tari ne da rabin kalma. A layi na uku na kowane baiti akwai wurin da karin yake tashi sama, kuma duk sa'ad da Baba ya iso nan sai muryar ta tsinke, ya ɗaga ɗan yatsa ya nuna rufin ɗaki.

"Nan sama take zuwa," in ji shi.

Sama ina? Yayyena biyu suka rera masa yadda suka tuna, kowa da nasa, ya ce duk ba ita ba ce. Ni kuwa ba a ma sa ni a lissafi. Allah bai ba ni murya ba. Ranar da na gwada a ɗaki, matata ta leƙo a guje tana tambaya ko kunama ce.

Abin ya tsaya min a rai, wallahi har abinci ya daina yi min daɗi. Ina kallon abu yana zubewa a gabana, ga hannu biyu amma babu abin tara.

Kusa da shagona a Ƙofar Mazugal akwai wani ɗan situdiyo da mawaƙa suke zuwa. Shekara da shekaru ina jin haushin hayaniyarsu. Wata safiya ina jera kwalabe sai na ji mai kiɗan yana danna sauti ɗaya a fiyano, yana tambayar mawaƙinsa: "Nan?" Mawaƙin ya ce a ƙara sama. Ya danna wani. "Nan fa?" Ya ce yauwa. Na tsaya da kwalba a hannu. Ashe akwai abin da za a iya tambayar mutum da shi, ya amsa da kai kawai, ba sai ya rera ba. Ban yi shawara da kowa ba, don na san abin da za a ce min. Washegari na rufe shago na nufi kasuwar Sabon Gari.

Mai shagon kayan kiɗan ya dube ni sama da ƙasa, ya ce ta yaro ɗan shekara nawa nake so. Na ce ta kaina ce. Ya yi dariyar da ta sa na ji kamar in juya, amma na daure. Ya ɗauko wata 'yar ƙarama ja, fitilu sai walƙiya suke yi a jikinta. Ya danna nan ganga ta tashi, ya danna can kare ya yi haushi, ya danna wani wuri jirgi ya wuce.

"Alhaji, wannan ba sai ka koya ba. Da kanta take kiɗa."

Na ce, "Malam, ni ba kare na zo saya ba."

Duk da haka saura kaɗan in ɗauka, don ban san me zan nema ba. Sai wani dattijo da yake zaune a lungun shagon yana gyaran wata fiyano da ya kwance ya ɗago kai. Tsohon malamin kiɗa ne na makarantar sakandare, mutumin wajen Jos, ya yi ritaya yana ɗan taɓa gyara. Kowa a wurin Tica yake ce masa, ni ma haka na kira shi har yau. Ya tambaye ni me zan yi da ita. Ban yi niyyar faɗa wa kowa ba, amma sai na ji na zayyana masa komai, har da ɗan yatsan Baba. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Miƙo hannunka in gani."

Na miƙa. Ya ce yatsuna masu kauri ne, haƙoran waccan 'yar jar ƙanana ne, in na danna ɗaya biyu za su yi kuka. Ya ce in manta da fitilu, in nemi mai haƙora cikakku, farare da baƙaƙe guda sittin da ɗaya, wadda take cin batir saboda wuta ba ta zama, kuma mai wurin sa abin kunne don kada maƙwabta su kai ƙarata. Ta hannu ma ta isa. Sai dai kafin in ɗauka in danna kowane haƙori, ɗaya bayan ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Haka na yi. Na tsaya a tsakiyar shago da babbar riga ina dannawa ina ƙirgawa, mai shago yana ta tsaki. Ta farko, haƙori na talatin da takwas bai ce komai ba. Mai shago ya ce ɗaya ne kacal, wa zai lura. Na ce in shi ne wanda Baba yake nema fa? Ta biyu baƙa ce, gefenta ya goge, amma duk haƙoranta suka amsa. Ita na ɗauka, kuma kafin in fita na sa Tica ya yarda zai riƙa koya min ranar Talata da Asabar bayan la'asar.

Ban taɓa sanin ina da yatsu goma ba sai a gidan Tica. Na san babban yatsa da manuni, su nake ɗaure leda da su. Sauran ashe zaman banza suke yi tun da aka haife ni. Ya ce in sa kowanne a kan haƙorinsa, in danna na kusa da ƙarami shi kaɗai. Na danna, uku suka bi shi. Na sake, suka sake. Na ce wannan yatsan ba ya jin magana. Ya ce shekara arba'in ban yi masa magana ba, yau ɗaya nake so ya amsa?

Sautukan bakwai ne suke maimaita kansu: do, re, mi, fa, so, la, ti. Tica yana rubuta harafin farko na kowanne a littafi, ya ɗora biro a kai yana nunawa, ni ina bi. Akwai wurin da babban yatsa yake bi ta ƙarƙashin sauran don hannu ya ci gaba. Wata guda na yi a wannan wurin. Wata rana zuciya ta ɗebe ni na daki fiyanon da tafin hannu. Tica ya cire tabarau ya goge a hankali, ya ce in na gama dukanta mu koma do.

A shago nake bitar karatuna. In babu ciniki sai in ɗora ta a kan kantar shago in sa abin kunne. Masu shagunan layi suka samu abin yi. Wannan ya leƙo ya ce, "Alhaji, yaushe za a saki sabuwar waƙa?" Wancan ya ce in an zo bikin 'yarsa ni zai ɗauka, ko ba komai zan zo da turare. Wata hajiya mai sayen humra ta tsaya tana sallama har sau uku ban ji ba, da na ɗago ta ce, "Allah ya shirya." Na ce amin, Hajiya, kwalba nawa? Ina jin zafin maganganun, kada in yi ƙarya. Amma ko sau ɗaya ban mayar da ita kwali ba.

Bayan wata huɗu na ga ba zan jira sai na ƙware ba, don Baba kullum baya yake yi. Na shiga ɗakinsa da hantsi, lokacin da ƙirjinsa ya fi sakewa, na ajiye ta a kan tabarma na durƙusa. Ya daɗe yana kallonta.

"Kayan kiɗa ne ka shigo min da su ɗaki?"

Na ce, "Baba, ba kiɗa zan yi ba. Awo zan yi. Zan danna, in ya yi daidai ka ce e, in bai yi ba ka nuna min sama ko ƙasa."

Yana cikin nazarin maganar, na je kunnawa, sai gwiwar hannuna ta taɓa wani maɓalli. Innalillahi! Ganga da kalangu suka ɓarke a ɗakin Baba kamar gidan biki. Na rasa inda ake kashewa, na danna nan ta ƙara sauri, sai da na kifa ta na zazzage batiran. Da ƙura ta lafa sai Baba ya ce, "Wannan ne awon?" A ranar na sayi salatif na liƙe duk maɓallan saman, har yau a liƙe suke.

Washegari ya bari na dawo. Ga yadda muke yi: ya furta kalmar farko da 'yar muryar da ta rage masa, ni in nemo sautin da ya yi kama da ita. Ya girgiza kai, ya nuna ƙasa. In sauka ɗaya. Ya nuna sama kaɗan. In ya gyaɗa kai sai in rubuta harafin a littafina, in wurin jan murya ne in ja masa ɗan layi. Wata rana mu samu sauti biyar, wata rana biyu tari ya tashe mu. Layi huɗu ne kacal a baiti, kuma kari ɗaya ne duk waƙar, amma sai da muka yi mako shida. Ranar da muka zo wurin nan na layi na uku, na yi ta hawa haƙori bayan haƙori, yatsansa yana sama bai sauko ba. Na hau na shida, sai ya runtse ido, hannun ya sauko kan gwiwarsa.

Ya ce, "Ita ce."

Fita na yi na tsaya a zaure, don ba na so ya ga idona.

Yanzu ga kari a takarda, amma yatsuna ba su kai su haɗa shi ba. Ni ɗaya-ɗaya nake dannawa, kafin in nemo na gaba na baya ya mutu. Gaggawa ta kama ni, ina so Baba ya ji abinsa a haɗe. Na kai wa Tica littafin na ce ya buga min in naɗa a waya. Ya duba, ya ɗan ɗaga gira, ya ce karin mutanen da akwai abin mamaki. Ya buga da hannu biyu, ya ƙawata shi da na hagu, abin gwanin daɗi. Wani abu a raina ya ce wannan ba ta yi kama da abin da nake ji a zaure ba. Sai na ce wa kaina kai da ba ka da kunne, wa ya tambaye ka, ai haka ƙwararru suke yi.

Na kunna wa Baba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake. Na sake. Sai ya juyar da fuska bango.

"In wannan ne abin da na yi mako shida ina gaya maka, to ba murya kaɗai na rasa ba. Kan ma ya tafi. Ɗauke abin nan, ka bar ni."

Na ce wataƙila kuskure ne daga wajena. Ya ce shi da kansa ya gyaɗa kai a kan kowane ɗaya. Daga ranar ya hana a yi masa zancen waƙar. Abin da ya fi ƙona min rai, sai ya fara shakkar kansa a komai. Mutumin da ake zuwa daga nesa a tambaye shi, yanzu in ya kawo aya sai ya ce a duba masa ko daidai ne. Ni na jawo masa wannan da fiyanona, kuma na san haka.

Ranar Talata na isa gidan Tica a fusace, ko gaisuwar kirki ban yi ba. Na ce ya lalata min aiki da ƙawarsa ta hannun hagu, wa ya sa shi? Ya ce shi abin da ke takarda ya buga. Na ce ba shi ba ne. Ya tura min littafin.

"To buga da kanka, Alhaji, ko da kwana za mu yi. Nuna min inda ka fara."

Na ɗora yatsa a kan harafin farko. Ya dubi yatsan, ya dube ni.

"Nan ne farko?"

"To da ina ne farko?"

Tica ya kama ciki, dariya har da hawaye, har matarsa ta leƙo daga kicin. Yatsana yana gefen dama na takardar. Ni ɗan makarantar allo ne, boko da girmana na tsince shi. In aka ba ni rubutun boko na san ta hagu ake farawa, kuma duk abin da Tica ya rubuta ta hagu nake binsa. Amma in biro ya shiga hannuna ba tare da na yi tunani ba, dama yake nufa. Haruffan nan kuwa ɗaiɗai ne, ba kalmomi ba, babu abin da zai nuna wa mai karatu an juya su. Kowane layi na waƙar Baba, daga ƙarshe Tica ya faro shi ya dawo farko.

Ni ban yi dariya ba sai bayan kwana biyu. Tica ya ce in kawo ya sake bugawa daidai, minti biyu ya isa. Na ce a'a. Baba ba zai ƙara yarda da waya ba, kuma ni na ɓata, ni zan gyara da hannuna a gabansa. Na je na gaya wa Baba abin da ya faru. Ya ce ina so ne kawai in kwantar masa da hankali, Allah ya yi min albarka, in je.

Mako bakwai na yi a kan layi huɗun nan. Na daina sauraron masu tsokana, na daina zuwa majalisa bayan la'asar. Tica ya rubuta min lamba a kan kowane harafi, wane yatsa ne zai danna shi, kuma ya hana ni sauri. In na yi kuskure a sauti na tara, sai in koma na ɗaya. Wuyan hannuna ya yi tsami har matata tana gasa min da ruwan zafi, tana cewa ko dakan sakwara nake yi a shagon. Duk safiya in na shiga gaida Baba sai in ga ya ƙara ramewa, in fito in ƙara wa kaina awa guda.

Ban nemi izini ba ranar da na shirya. Wata Alhamis da hantsi na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, daidai tagar ɗakinsa, na cire abin kunne, na buga da hannun dama kaɗai, a hankali. Na kai ƙarshe na sake. A zagaye na uku na ji ana ƙwanƙwasa ƙyauren taga da sanda. Na tashi na shiga.

Yana zaune, ya jingina da bango. Bai yabe ni ba, da ma Baba ba ya yabo.

"Layi na biyu kana gudu. Akwai numfashi a tsakiya, ka ba shi haƙƙinsa. Shigo da ita."

Na shigo da ita na buga yadda ya ce. Leɓɓansa suna motsi, ba sauti, baiti bayan baiti, ni kuma ina maimaita karin, har muka kai ƙarshen waƙar bai nemi takarda ba. Sannan ya ce in janyo masa wani tsohon akwati daga ƙarƙashin gado. Ya fito da wasu takardu da suka yi ja, waɗanda ko yayyena ba su san da su ba.

"Akwai wasu waƙoƙin guda biyu. Kowacce da karinta. Gobe ka zo da wuri."

Ta biyu mun gama ta cikin wata guda, don a lokacin kunnena ya ɗan buɗe, hannuna ya saba. Kuma a saman kowane shafi sai da na zana kibiya. Ta uku muka fara ranar wata Litinin. Muka samu layi na farko, muka shiga na biyu, sauti huɗu. A na biyar ya nuna sama, na hau ɗaya, ya girgiza kai, sai tari ya taso. Ya yi min alama da hannu mu bari sai gobe. Goben aka kai shi asibiti, kwana tara ya yi, Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu ina buga biyun da hannu biyu, 'ya'yan yayata masu murya sun haddace su daga fiyanon. Ta ukun ma ina bugawa. Tica ya ce ya fahimci salon Baba sarai, zai iya ƙarasa min ita yadda ba wanda zai gane inda aka yi ɗori. Na gode masa, na ce ya bari. Layi ɗaya da sauti huɗu nake da su. In na zo nan sai in ɗage hannuna, don abin da na sani kawai shi ne na gaba yana sama, kuma ba wanda na danna ba ne.